Kwanukan Maman Debby da Ba Su Ga Wuta Ba

Sunanta Hannatu, amma daga unguwar Television har Unguwar Boro ba mai kiranta haka sai mijinta Jethro, shi ma sai in ransa ya ɓaci. Kowa Maman Debby yake cewa. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, 'yar Gbagyi daga wani ƙauye bayan Kujama, inda ta tashi tana kallon uwarta na zagaya tukunya a sunkuye tana ɗora yumɓu a kan yumɓu. Tun kafin ta isa aure ta iya gina randa da tulu da tukunyar miya. Da Jethro ya aure ta ya kawo ta birnin Kaduna, domin yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, sai ta ajiye sana'ar. Ɗaki ɗaya suke haya a Television, kuma ba maigidan hayar da zai yarda a tara ciyawa a cinna wuta a tsakar gidansa.

Wata rana ta ƙetare gada zuwa Tudun Wada gaisuwar rasuwa, ta ɓata hanya, ta faɗa wani lungu inda wani tsoho ke zaune a ƙofar gida da kwanukan ƙasa jere a gabansa. Ba ta taɓa ganin irinsu ba. Suna ƙyalli kamar tangaran, cikinsu kuma fari da ja da baƙi sun murɗe da juna. Ta tsaya har tsohon ya ɗago kai. Sunansa Malam Mamman, a ƙuruciyarsa ya yi aiki a wani wurin ginin tukwane na zamani, can ya koyi gina tanderun tubali da haɗa ruwan ƙyalli. Ya ga yadda take shafa bakin kwano da babban yatsa, sai ya gutsuro yumɓu ya miƙa mata.

"Taɓa mu gani, 'yata," ya ce.

Ta tsuguna da kayan unguwa a jikinta ta fitar masa da ƙaramin kasko. Daga ranar ta riƙa zuwa, da 'yarta Debby a goye.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Ana dama yumɓu da ruwa, a tace da ƙyalle har ya koma kamar kunu mai kauri. Kala uku Malam Mamman yake haɗawa: fari daga farar ƙasar da ake kawo masa daga Ƙanƙara, ja daga jar ƙasar bakin hanya, baƙin kuwa jar ƙasar ce ake niƙa kashin maƙera a zuba mata. In kwano ya sha iska, ya daina lanƙwasa amma bai bushe ba, sai a kwarara farin a ciki a juya ya rufe ko'ina, a ɗiɗɗiga ja da baƙi tun farin yana da danshi, sannan a ɗauki kwanon da hannu biyu a karkata, a girgiza, a sake karkatawa. Launukan su bi juna suna jan layi suna naɗewa, kamar nono a kan fura kafin ludayi ya shiga. Wuyar tana wajen tsayawa. Wanda ya ƙara girgiza bayan zane ya fito, komai zai haɗe ya koma kalar taɓo. In ya bushe a gasa, a tsoma cikin ruwan ƙyallin da ake haɗawa da toka, a sake gasawa da wuta mai ƙarfi. Sai a lokacin ya zama kwano, ya ɗauki miya mai zafi, in an ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara.

Hannun Hannatu ya karɓi aikin. Bayan Malam Mamman ya rasu, 'yarsa Amina, mai tebur a kasuwa, ta ce mata tanderun Baba yana nan a bayan gida, ta ci gaba da zuwa. Hannatu na gini da zane da gashi, Amina na sayarwa. Masu farfesu a Television sun san kwanukanta, domin suna riƙe zafi, kuma mai shan farfesu yana son ya ga zanen yana fitowa in ya kusa shanyewa. Ba wani arziki ta yi ba. Takan dawo gida idanu jajur saboda hayaƙi, amma in ta bi ta layin masu abinci takan ga kwanukanta a hannun mutane.

Shekarar da soja suka koma bariki, masaƙar su Jethro ta rage ma'aikata, sunansa na ciki. Ya yi watanni yana fita da safe yana dawowa da yamma hannu rabbana. A shekarar ne kuma wani ɗan cocinsu mai suna Benson ya ci zaɓen majalisar dokokin jiha, aka daina kiransa Ben aka koma Honorabul. Matarsa Irene, wadda da malamar firamare ce, ta zama Madam. A wajen cin abincin godiya da matan zumunta suka shirya, aka zuba mata tuwon acca a ɗaya daga cikin kwanukan Hannatu. Ta cinye, ta juya kwanon a hannu, ta sa aka kira mai shi.

"Maman Debby, ashe aikin hannunki ne wannan? A ina kike yi?"

"A Tudun Wada, Madam. Can tanderun yake."

"Da itace? Shi ya sa kullum idonki ja. Ai wannan wahalar ta ƙare. Yanzu mulkin farar hula muke, dole mata su ga canji."

Ta bayyana mata abin da ake shiryawa. Za a buɗe cibiyar koya wa mata sana'a a Unguwar Boro, da kekunan ɗinki da injin saƙa, kuma wata ƙungiya daga ƙasar waje ta yi alkawarin tanderun lantarki, saboda suna son mata su daina sare itatuwa da shaƙar hayaƙi. Ana neman mai koyar da ginin tukwane. Akwai ɗakuna biyu a bayan ginin, ba haya. Ana neman maigadi, ga Jethro a zaune. Debby kuwa, wadda ta gama firamare tana jiran kuɗin sakandare, Madam ta ce a ba ta ita ta zauna a gidanta, za ta sa ta makaranta ɗaya da 'ya'yanta.

Hannatu ta durƙusa ta yi godiya. Da suka koma gida Jethro ya ce su yi addu'a. Ba wanda ya ga abin ƙi a cikin maganar.

Ranar buɗe cibiyar aka kafa rumfuna, aka kawo 'yan rawa, aka yi jawabai. Tanderun lantarkin yana tsaye a ɗakinsa, dogo kamar firji, an ɗaura masa ƙyalle mai ado. Aka sa Hannatu a tebur gaban manyan baƙi da sabon anko da farar rigar aiki. Ta kwarara farin, ta ɗiga ja da baƙi, ta karkata kwanon, zane ya fito a idon kowa. Aka tafa, masu hoto suka matso, har a talabijin aka nuna hannuwanta. Da baƙi suka watse ta tambayi mai haɗa wutar yaushe za a kunna. Ya ce wutar layin nan ba za ta iya ɗaukarsa ba, sai an kawo taransifoma. Madam ta ce Honorabul ya riga ya yi magana, abin ba zai wuce wata ba.

Wata ya wuce, kwanuka suka taru a kan katako. Hannatu ta jera su cikin kwali da dusar katako, ta hau bas ta kai Tudun Wada ta gasa kamar yadda ta saba. Ta yi haka 'yan lokuta kafin Madam ta ji.

"Ba na so masu tanderun nan su ji cewa malamarmu na ƙona itace," in ji Madam. "Duk abin da suka ba mu don a daina hakan suka bayar. Ki yi haƙuri ki jira."

Hannatu ta ce to. Amma a farkon shekara ta dubu biyu ta sake kai wani kaya a ɓoye, ita da Amina suka jera kwanukan a tanderu, suka ba shi wuta yini guda, suka toshe bakin tanderun ya huce. Kafin ta koma ta kwashe, rikici ya ɓarke a garin.

Abin da ya faru a Kaduna a watan Fabrairun nan kowa ya sani. Su Hannatu sun kwana uku ko huɗu a kulle cikin cibiyar tare da matan da suka gudo daga unguwannin ƙetaren kogi, wasu da yara, wasu ba ko ɗankwali. Da ƙura ta lafa, sai garin ya rabu. Kiristocin da ke arewa da gada suka kwaso kaya suka dawo kudu, Musulmin da ke kudu suka ƙetara can. Jethro ya ce mata ko da wasa kada ta ƙara ambatar Tudun Wada.

Sai bayan damina ta faɗi Amina ta aiko mata ta bakin wani direban bas cewa su haɗu a Babbar Kasuwa da rana tsaka. Suka tsaya a layin masu robobi. Amina ta rame, ƙanenta na cikin waɗanda ba a gani ba har lokacin. Ta ajiye buhu a gaban Hannatu, kwanukan da suka bari cikin tanderu ne, ba wanda ya fashe.

"Ni dai ba abin da ya canja tsakanina da ke, Maman Debby," ta ce. "Amma kada ki zo tukuna. Ba zan iya kare ki ba, kaina ma da ƙyar."

"Tanderun fa?"

"Yayyena sun ce za su yi ɗaki a wurin. Dangi sun dawo daga Kakuri, ba inda za a sa su."

Suka riƙe hannun juna kaɗan, suka rabu da wuri saboda kowacce na son ta isa gida kafin la'asar. Da Madam ta ga kwanukan ba ta tambayi inda aka gasa su ba. Ta sa aka yi musu akwatin gilashi, aka ajiye shi dab da tanderun lantarkin, yadda duk wanda ya shigo zai ɗauka daga cikinsa suka fito.

Daga nan rayuwar Hannatu ta koma abu guda. In za a yi baƙi, Madam takan aiko direba tun jajibere ya ce a shirya. Hannatu ta gina kwanuka, ta lulluɓe su da jiƙaƙƙen tsumma don kada su wuce lokacinsu. Baƙi su zo, matan kwamishinoni, 'yan jarida, Turawa masu littafin rubutu. Ta sa farar riga, ta kwarara, ta karkata, a tafa. In sun tafi kwanukan su bushe a kan katako. In katako ya cika, ta kwashe na ƙasa ta zuba cikin duro ta kwara ruwa. Kwanon da bai ga wuta ba ƙasa ne kawai. Takan tsaya tana kallo yana tsagewa yana zubewa, fari da ja da baƙi su narke su haɗe, washegari ta kwaɓa ta sake gina wani da shi.

Matan da aka rubuta sunansu a ajinta sun zo da farko da ɗoki. Da suka ga ba abin da za su kai kasuwa, suka koma ɗakin ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Ranar baƙi kawai ake kiransu su sa anko su zauna a bayanta.

Ba za a ce tana cikin yunwa ba. Ƙarshen wata ana biyan su, Kirsimeti buhun shinkafa na zuwa. Debby takan zo wasu ranakun Lahadi cikin motar gidan Honorabul, ta yi fes, tana Turanci kamar 'ya'yan gidan. Takan ce Madam na riƙe ta da kyau, sai dai ita ke wanke-wanke da shirya ƙananan yara kafin ta tafi makaranta. Hannatu takan dafa mata miyar karkashi, ta zauna tana kallonta tana ci, har direba ya danna ham.

Wata rana Madam ta zo da wani kafinta ɗauke da gwangwanin banish, man ƙyallin nan da ake shafa wa kujeru. Ta ce baƙi na yawan roƙon a ba su tsaraba, kunya take ji ta ce babu. Kafintan ya shafe busassun kwanukan ciki da waje, suka ɗauki ƙyalli har zanen ya fi fitowa.

"Madam, waɗannan ɗanyu ne. In ruwa ya taɓa su za su narke."

"Ado ne, Maman Debby. Wa zai ci abinci a cikin tsaraba? A kan tebur za su ajiye."

Haka aka riƙa naɗe su a takarda mai sheƙi ana bai wa baƙi. Da aka yi taron matan jam'iyya a cibiyar, kowace shugabar mazaɓa ta tafi da guda. Cikinsu har da Janet, mai farfesu a Television, wadda ta yi shekaru tana sayen kwanukan Hannatu. Bayan 'yan kwanaki sai ga Janet a ƙofar cibiya da leda a hannu. Ta zazzage a ƙasa. Taɓo ne da ɓawon banish da ƙasusuwan akuya.

"Na zuba wa mutum farfesu a kwanonki, yana cikin sha gindin ya fita, ya ƙone masa cinya. A gaban kowa, Maman Debby. Na ce masa kwanon Maman Debby ne, ba ya yin haka. Me ya same ki? Kin samu manya kin daina aiki da gaskiya?"

Hannatu ta waiga. Jethro na tsaye a bakin get yana jin su, direban Madam na wanke mota a gefe. Ta ce wa Janet ta yi haƙuri, kuskure aka yi. Ta shiga ta buɗe akwatin gilashin ta ɗauko gasasshe guda ta ba ta. Janet ta ƙwanƙwasa shi da farce kafin ta karɓa, abin da ba ta taɓa yi wa kayan Hannatu ba.

Ranar Lahadi bayan sujada ta tare Madam a wajen mota. Madam ta ce ta shigo, ta sallami direban ya je ya sayo ruwa. Hannatu ta faɗi abin da ya faru, ta ce sunanta ya ɓaci a unguwar da ta yi shekaru tana ginawa, ta roƙa a bar ta ta gina ƙaramin tanderun itace a bayan cibiya, ko a can gefen rafi inda ba mai gani.

Madam ta kalli gilashin gaba.

"Kina tsammani ni ban gaji ba?" ta ce. "Kullum sai na yi wa Honorabul maganar taransifomar nan. Ya ce an sa a kasafi, ya ce an cire, ya ce a jira. Ni nake tsayawa gaban Turawa ina murmushi ina faɗin abin da na san ba haka ba ne. Da ina ajina ina koyar da yara ba wanda yake sa ni wannan. Amma in suka ga hayaƙi za su janye, kekunan ɗinkin ma su tafi da su. Mata nawa ke ci daga ɗinkin nan? Ki duba wannan."

"Na duba, Madam."

"Debby na ƙoƙari. Tana cewa nas take son zama. Ki bar ta ta kai."

Ba da barazana ta faɗa ba, har ta dafa hannun Hannatu. Amma Hannatu ta fita daga motar ta san iyakar inda za ta iya takawa. An dai daina raba kwanukan banish ga 'yan gari. Baƙin nesa kawai ake bai wa.

Dab da zaɓe na biyu taransifoma ta iso a bayan babbar mota, 'yan unguwa na biye suna waƙa. Aka ja waya, aka kira injiniya daga Legas. Hannatu ta yi sati tana gini, ta zaɓi mafi kyau ta jera a cikin tanderun da hannunta. Injiniyan ya danna. Aka ji ƙara kamar an fasa kwalba, wari ya cika ɗakin. Da ya kwance bayan sai ga sheƙar ɓeraye, sun cinye wayoyin, sun yayyage farin abin da ke riƙe zafi sun yi shimfiɗa da shi. Ya ce kayan gyaran sai daga ƙasar da aka ƙera shi.

Honorabul ya ci zaɓe, wannan karon majalisar tarayya. Gidan duka suka koma Abuja, da Debby. Baƙi suka ragu, Madam sai ta yi watanni ba ta leƙo ba. Masu ɗinki suka ci gaba da harkarsu, sun samu masu kawo musu kayan makaranta. Hannatu ta zauna da duro da katako, ba mai cewa ta yi, ba mai cewa ta bari.

A lokacin ne aka rushe wani tsohon gidan burodi a Sabon Tasha. Ta ga jajayen tubalan a zube ta tsaya kansu. Ta yi kwanaki tana lallashin Jethro.

"Hannatu, kina so ki kore mu daga gidan nan?"

"Baban Debby, gyaran tanderunsu ba zai zo ba, kai ma ka sani. Sau ɗaya kawai. In ga abin da na gina ya zama kwano."

Ya gaji ya yarda, shi ya turo tubalan a baro. Ta gina a bayan ɗakunansu, tana tuno na Malam Mamman: murhu a ƙasa, ɗakin kaya a sama da shi, bututun hayaƙi a baya. Amma ta yi shekaru tana aiki da tanderun, ba ta taɓa gina shi ba, kuma ba wanda za ta tambaya. Da yake gashi ɗaya kawai ta samu, ta tsoma kwanukan cikin ruwan ƙyalli tun suna ɗanyu, ta ba shi wuta wata Asabar tun da sanyin safiya. Hayaƙi ya tashi baƙi ya rufe layin, masu shanya suka kwashe kayansu suna mita. Ita kuwa tana durƙushe a bakin murhu tana tura itace, fuskarta na zufa, tana ta waƙar yarensu da Jethro ya daɗe bai ji a bakinta ba.

Da ya huce ta buɗe. Wutar ta bi gefe ɗaya. Na kusa da murhu sun tsage, wasu sun manne da juna. Na baya ruwan ƙyallin bai narke ba, sun fito da kaushi kamar an barbaɗa musu gari. A tsakiya ta samu 'yan kaɗan da suka yi daidai. Ta ɗauki guda ta ƙwanƙwasa, ya yi ƙara. Ta zauna a ƙasa da shi a cinya ta daɗe. Sannan ta tashi ta zagaya tanderun tana dubawa, ta gane bututun ne ya yi gajere, kuma ramukan wuta sun yi yawa a hagu. Ta ce wa Jethro in ta gyara waɗannan, na biyu zai fi.

Ba a yi na biyu ba. Lokacin wayar hannu ta shigo gari, kuma labari ba ya daɗewa kafin ya kai Abuja. Ranar Talata Madam ta kira lambar shugabar masu ɗinki ta ce a kai wa Jethro. Hannatu na jin muryarta daga inda take tsaye. Masu tanderun za su turo mutane su duba cibiyar kafin ƙarshen wata, kuma daga abin da suka gani za a yanke ko za su biya kuɗin gyara. Kada su tarar da ko toka. Ta ƙara da cewa Debby ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, Honorabul ne ya tsaya mata, a gaya wa mamanta ta yi murna.

Jethro ya mayar da wayar, ya shiga ɗaki ya fito da guduma. Ya tsaya gaban tanderun bai ɗaga ba.

"Ajiye wannan," in ji Hannatu. "Ka cire su ɗaya-ɗaya. Kada ka fasa."

Ta ɗauko kujera 'yar tsuguno ta zauna. Yana cirewa yana miƙa mata, tana kankare busasshiyar ƙasar da wuƙa tana jerawa a jikin katanga. Suka share tokar suka zuba yashi a wurin. Da masu dubawar suka zo, ɗaya ya tambayi tubalan na mene ne, Jethro ya ce makewayi za a gyara. Hannatu ta sa farar riga ta kwarara musu fari da ja da baƙi. Wata mace a cikinsu ta roƙa a bar ta ta gwada, ta girgiza fiye da kima, zanen ya dagule, aka yi dariya. Suka yi rubuce-rubuce suka tafi. Kayan gyara ba su zo ba.

Ta ƙara shekaru a wurin har Debby ta gama karatu. Da wa'adin Honorabul ya ƙare bai samu tikiti ba, aka ba wata makarantar yara hayar ginin, masu ɗinki suka kwashe kekunansu kowa ta kama shago. Aka ba su Jethro wata guda su tashi. Madam ta zo da kanta ta yi musu sallama, ta kawo wa Hannatu turmin atamfa, suka yi addu'a tare, dukansu biyu suka yi hawaye.

Debby, da ta fara aiki a wani asibiti a Abuja, ta taimaka musu suka samu ɗan fili a Maraban Rido, suka yi ɗaki biyu. Tubalan sun biyo su a bayan akori-kura. A lokacin wuyan hannun Hannatu ya fara ciwo, in ta ɗauki abu mai nauyi da hannu biyu sai yatsunta su sake ba shiri. Duk da haka ta nuna wa Jethro wani wuri a ƙarshen filin ta ce nan za a sauke su. Damina ta zo ta same su ba madafa, tana girki a ƙarƙashin leda, ruwa na kashe mata wuta. Wata safiya Jethro ya ce tubalan nan za su isa bango uku na madafa, in ya so a rufa da kwano.

Ta dubi tarin, ta dubi hadarin da ke haɗuwa ta gabas.

"Ka sa ƙofar ta kalli yamma," ta ce, "don kada ruwa ya riƙa shigowa."